Manhajojin ɗaukar murya ta burauza: wacce ta dace da mai shirin podkas?

Mai shirin podkas, wato shirin murya da ake saurare ta intanet, da ke son tattaunawa da baƙon da yake wani gari yana da hanyoyi da dama a yau, kuma mafi sauƙinsu ita ce manhajar da ake buɗewa a cikin burauza (manhajar shiga intanet irin Chrome), wadda ba ta tilasta wa baƙo ya sauke komai a kwamfutarsa. Ana tura masa adireshin shiga ne kawai, ya danna, ya ba da izinin amfani da makirfo, sai a fara magana. Sunaye huɗu ne suka fi yawo a bakin masu wannan sana'a: Cleanfeed da Zencastr da Riverside da SquadCast. Wanda ya karanta tallace-tallacensu zai ɗauka duk abu ɗaya suke yi, domin kowacce tana alƙawarin murya mai tsafta kamar ta ɗakin watsa shirye-shirye. A ganina, tambaya guda ce ta raba su, kuma ita ya kamata mutum ya fara amsawa kafin ya dubi farashi ko kyawun shafi: a ina ake ajiye muryar baƙo a lokacin da yake magana?

Dukkansu suna haɗa masu hira ta fasahar WebRTC, wadda ke cikin Chrome da Edge da Firefox da Safari, kuma murya tana tafiya ne bayan an matse ta da tsarin Opus, wanda aka amince da shi a hukumance a shekarar 2012. Wannan kiran shi ne abin da mai shiri da baƙonsa suke ji a kunne. Ɗaukar kuwa iri biyu ce. A hanya ta farko, muryar baƙo tana ratso intanet ta iso kwamfutar mai shiri, a nan ake naɗe ta, saboda haka duk wata tsinkewa ko sarƙewa da aka samu a hanya tana shiga cikin abin da aka naɗa, kuma babu gyaran da zai dawo da kalmar da ba ta iso ba. A hanya ta biyu, burauzar kowane mutum tana naɗe muryarsa a cikin na'urarsa tun kafin ta taɓa intanet, sannan ta riƙa tura fayil ɗin zuwa rumbun kamfanin guntu-guntu. Ko da sabis ya yi rauni har masu hira suka daina jin juna na wasu daƙiƙu, abin da makirfo ya ji yana nan cif a ajiye. Cleanfeed tana bin hanya ta farko, sauran ukun suna bin ta biyu.

Da jin wannan bayani mutum zai ce ai hanya ta biyu ta yi nasara, musamman ga mu da muke aiki da intanet na waya wanda ƙarfinsa kan sauya tsakanin safiya da dare. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai nauyin da ba a cika faɗa ba, kuma a kan baƙo yake sauka. Murya ɗaya da aka naɗa a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a ma'aunin kilohaz 48 da bit 16, tana cin bait 96,000 a kowace daƙiƙa, wato kimanin megabait 345 a awa guda. Kafin layin baƙo ya iya tura wannan daidai da saurin maganarsa, sai ya kasance yana ɗora kilobit 768 a daƙiƙa ba yankewa, ban da abin da kiran kansa yake ci. Idan layin bai kai haka ba, turawa za ta yi ta ja baya, a gama hira saura rabin fayil, sai an roƙi baƙo ya bar shafin a buɗe har ta kammala. A layin da ke ɗora megabit ɗaya a daƙiƙa, cikakken fayil na awa guda yana buƙatar kusan minti 46. Fayil ɗin MP3 a kilobit 128 kuwa bai wuce megabait 58 a awa ba, wato kusan kashi ɗaya cikin shida. Wanda ya gayyaci malamin jami'a ko likita ko wata 'yar kasuwa mai hidima da yawa ya san cewa samun awa guda daga gare su alfarma ce, neman su ƙara zama gaban kwamfuta suna jiran lodi, da datarsu kuma, wata alfarmar ce ta daban. Saboda haka ina auna kowace manhaja da halin baƙon da ya fi kowa raunin sabis, domin shi ne zai ƙayyade yadda shirin zai fito.

Cleanfeed ta fito ne daga Birtaniya, Mark Hills da Marc Bakos suka gina ta, kuma a 2022 sun samu kyautar Emmy ta fannin injiniya saboda ita. Ana gane cewa mutanen rediyo ne suka tsara ta tun daga kallon farko: babu bidiyo, babu ado, sai sunayen waɗanda suka shigo da ma'aunin ƙarar kowa da maɓallin ɗauka. Rashin bidiyon nan alheri ne babba, domin duk ƙarfin layin yana tafiya ga murya. Kiran murya na Opus a kilobit 64 yana cin kimanin megabait 29 a awa ta kowane ɓangare, abin da ko ƙaramin kunshin data zai ɗauka. Jinkirin da ke tsakanin magana da ji kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa hira take tafiya kamar ana zaune wuri ɗaya, ba a yawan cin karo da baki, kuma shi ya sa gidajen rediyo suke amfani da ita wajen shigo da baƙo kai tsaye. Da zarar an yi sallama baƙo ya gama nasa, yana iya rufe na'urarsa ya tafi, domin komai yana hannun mai shiri. Tana da sigar kyauta da mutum zai iya yin cikakken shiri da ita, sigar biya kuma tana raba muryar kowa a fayil nasa, tana ba da damar saka kiɗan buɗewa ko wani sauti a tsakiyar hira.

Rauninta guda biyu ne, kuma duka daga tsarinta suka taso. Na farko shi ne wanda na ambata: idan muryar baƙo ta tsinke a hanya, ta tsinke ke nan, sai dai a ce masa ya maimaita. Mai shiri mai lura yana iya rage wannan asara, tunda abin da yake ji shi ne ainihin abin da ake naɗa, don haka da ya ji sarƙewa sai ya dakatar da baƙo cikin ladabi ya nemi ya sake jimlar. Na biyu ya fi haɗari a wurinmu: sautin yana taruwa ne a cikin burauzar mai shiri har sai ya adana shi da hannunsa, kuma idan aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu, ko aka rufe shafin bisa kuskure, ana iya rasa abin da ba a adana ba. Maganin abin shi ne a yi aiki da laftof mai cikakken caji, a kuma riƙa adanawa lokaci-lokaci yayin da hira take gudana, wanda manhajar ta ba da damar yi ba tare da an tsayar da ɗauka ba.

Zencastr ta Amurka ce, Josh Nielsen ne ya kafa ta, kuma tana cikin waɗanda suka fara yaɗa ɗaukar muryar kowa a na'urarsa ta hanyar burauza. Shekaru da yawa ta yi tana murya zalla kafin ta ƙara bidiyo, kuma har yanzu ana jin cewa murya ce asalin sana'arta. Abin da na fi yabawa a gare ta shi ne tana fitar da MP3 na kowane mai magana daban, WAV kuma ga wanda ya biya ya nema. Ga shirin hira zalla, wanda yawancin masu saurare za su ji a lasifikar waya ko a cikin mota, MP3 mai kyau daga makirfo mai kyau ya wadatar, kuma sauƙin da yake kawo wa baƙo wajen lodi ya fi ɗan bambancin ingancin da kunne ba zai kama ba. Tana da allon sautuka na saka kiɗa yayin hira, tana iya haɗa muryoyi ta daidaita ƙararsu da kanta bayan an gama, tana kuma ba da wurin ajiye shirin da rarraba shi zuwa Apple Podcasts da Spotify. An gina ta ne da tunanin kwamfuta da Chrome, saboda haka idan baƙonka waya ce kawai a hannunsa, wajibi ne a gwada tun kafin ranar hira. Sharuɗɗan sigarta ta kyauta sun sha sauyawa, kuma bai kamata mutum ya ɗora shirinsa na mako-mako a kan alfarmar da kamfani zai iya janyewa ba.

Riverside, wadda 'yan'uwa biyu Nadav da Gideon Keyson suka kafa, ita ce ta fi sauran cika da kaya. Tana ɗaukar murya a WAV na kilohaz 48, bidiyo kuma har zuwa 4K, kowane mutum da fayilolinsa, tana nuna wa mai shiri kashi nawa cikin ɗari na fayil ɗin kowa ya isa rumbu, kuma idan baƙo ya rufe shafin da wuri akwai hanyar da zai koma ya ƙarasa turawa muddin da na'ura ɗaya da burauza ɗaya ya koma. Tana da manhajar waya ta Android da ta iPhone, kuma wannan ne babban abin da ya sa nake ɗaukarta da muhimmanci, domin baƙi da yawa da masu shirye-shiryen Hausa suke nema, daga malaman addini zuwa mawaƙa da manoma da 'yan ƙwallo, ba su da laftof a kusa. Tana kuma barin mai tsara shiri ya shiga ya sa ido ba tare da an naɗe muryarsa ba, abin da zai amfani ƙungiya mai ma'aikata fiye da mutum ɗaya.

Sai dai Riverside tana jan mutum zuwa bidiyo, kuma bidiyo yana ninka duk nauyin da na lissafa. Hoto mai ingancin 1080p yakan haura gigabait ɗaya a awa ga kowane mutum, ga zafin da waya ko tsohuwar laftof take ɗauka idan tana naɗa tana turawa a lokaci guda, kuma da fankar laftof ta tashi makirfo zai ji ta. Wanda yake son ya yanka gajerun bidiyo don TikTok ko YouTube ko Facebook, inda jama'armu suka fi taruwa, yana da hujjar ɗaukar wannan nauyi, kuma manhajar tana da kayan yanka irin waɗannan guntaye. Wanda kuwa shirinsa na kunne ne, gara ya zaɓi ɗaukar murya zalla a cikin saitin, ya rage ingancin hoton kiran ko ya kashe kyamara baki ɗaya. Akwai zaɓin dakatar da lodi har sai an gama hira, wanda yake barin layin ya ji da kiran kaɗai, amma ya kamata a sani cewa jiran da aka ɗage zai dawo cikakke a ƙarshe.

Game da SquadCast ba ni da dogon bayani. Aikinta kusan irin na Zencastr da Riverside ne, tana tura fayil guntu-guntu, tana kuma ajiye kwafin kiran a rumbunta don ranar da na na'ura ya samu matsala. A 2023 kamfanin Descript, mai manhajar gyaran sauti da bidiyo, ya saye ta, kuma tun daga nan darajarta ta rataya ne a kan ko mutum yana gyara shirinsa da Descript. Ga wanda ba ya yi, ban ga abin da zai sa ya fifita ta ba.

Wannan sayen yana tuna mana wani abu da ya shafi dukkan manhajojin da ke zaune a rumbun wani. Anchor, wadda dubban mutane suka fara podkas da ita kyauta daga wayoyinsu, Spotify ta saye ta a 2019, aka sauya mata suna a 2023, sannan a 2024 aka cire kayan ɗauka da gyara daga cikinta aka tura masu amfani da ita wajen Riverside. Duk wanda ya saba da hanya ɗaya ya wayi gari sai ya koyi wata. Don haka ina ganin dole ne a sauke ainihin fayilolin kowace hira a ajiye a na'urar kai da kuma wani faifan ajiya na waje, a ranar da aka yi ta, ko da kamfanin ya ce zai riƙe su.

Akwai wani ɓangare na farashin waɗannan manhajoji da mai shirin Hausa yake biya ba tare da ya more shi sosai ba. Riverside da Descript da Zencastr suna tallata rubuta magana kai tsaye, da gyaran sauti ta hanyar goge kalma a rubutu, da cire kalmomin cike gurbi. An gina waɗannan ne a kan Turanci da wasu manyan harsunan Turai, kuma ko inda aka lissafa Hausa cikin harsunan da ake karɓa, ingancin bai kai wanda za a dogara da shi wajen yanka hira ba, balle idan baƙo yana gauraya Hausa da Larabci da Turanci a jimla ɗaya, ko yana magana da karin Sakkwato ko na Damagaram. Haka nan kayan tace murya da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira, irin Enhance Speech na Adobe Podcast wanda shi ma a burauza yake, suna sake gina muryar ne bisa abin da suka koya, kuma idan hayaniya ta yi yawa suna iya murɗe baƙaƙe su sauya kalma. A harshen da ƙ da k, ko ɗ da d, suke raba ma'ana, wajibi ne mai shiri ya saurari sakamakon daga farko har ƙarshe kafin ya wallafa. Ina ba da shawarar a sa ƙarfin tacewar ƙasa-ƙasa, a bar ɗan sautin ɗaki, domin muryar mutum ta gaskiya ta fi muhimmanci ga mai sauraro.

Batun biya ma yana da nasa nauyi. Duka huɗun da dala ko makamancinta ake biyansu wata-wata ko shekara-shekara, kuma a lokacin da bankuna da yawa a Najeriya suka dakatar da amfani da katin naira a ƙetare a 2022, masu ƙananan shirye-shirye sun koma neman katin dala. Ko inda katin yake aiki, farashin yana bin canjin kuɗi. Kafin a biya na shekara, ya dace a yi wata guda ana gwadawa da baƙi na gaske, a duba iyakar awannin da aka yarda a naɗa, a kuma tabbatar ko raba muryoyi a fayiloli daban yana cikin matakin da aka zaɓa, domin wannan ne abin da ya fi cancantar a biya masa kuɗi. Idan muryar kowa tana fayil nata, ana iya share tari ko kukan yaro ko ƙarar janareta daga ɓangaren baƙo ba tare da an taɓa maganar mai tambaya ba, ana kuma iya ɗaga muryar wanda ya yi nisa da makirfo shi kaɗai.

Babu ɗaya daga cikinsu da za ta gyara abin da ya lalace tun daga ɗaki. Baƙon da bai sa abin saurare a kunne ba zai tilasta wa burauza ta kunna mai kashe amsa-kuwwa, wanda yake datse murya duk lokacin da mutum biyu suka yi magana tare. Abin kunne na Bluetooth, idan aka yi amfani da makirfonsa, yana sauke ingancin murya zuwa na kiran waya, shi ya sa mai igiya, ko da mai arha ne, ya fi shi amfani a nan. Ga mai shiri kansa, makirfo irin Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x, da ake sokawa ta USB kuma ba ya kwaso hayaniyar nesa, ya fi dacewa da ɗakin da ke kusa da titi. Kada a buɗe shafin a yanayin sirri na burauza, domin a nan ana goge ajiyar wucin gadi da zarar an rufe, kuma a tabbatar akwai fili a na'urar baƙo, musamman wayoyin da hotuna da bidiyon WhatsApp suka cika. A iPhone, burauzoji suna aiki ne a kan injin Safari, saboda haka sauke Chrome ba ya sauya komai, manhajar kamfanin ce mafita inda take akwai.

Zaɓina ya danganta da wanda zan yi hira da shi. Idan baƙo yana da sabis mai tsayawa, ko kuma mutum ne da ba zan iya riƙe shi minti ɗaya bayan sallama ba, Cleanfeed nake buɗewa, kuma ita nake ba duk mai farawa shawara ya soma da ita, tunda ba za ta ci masa kuɗi ba kuma za ta koya masa sauraro da kyau yayin ɗauka. Idan baƙo yana da laftof amma layinsa yana rawa, Zencastr da MP3 ta fi dacewa. Idan waya ce kawai a hannunsa kuma hirar tana da tsawo, ko ana bukatar hoto, Riverside ce, bayan an yi masa bayani tun kafin a fara cewa zai jira lodi, an kuma tura masa data idan hali ya yi, domin bai dace wanda ya ba da lokacinsa kyauta ya biya kuɗin fayil ɗin shirin wani ba.

Kowacce aka ɗauka, ina roƙon baƙo ya ajiye wata wayar a gabansa, ya sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ta, ya kunna manhajar ɗaukar murya da ta zo da ita tun daga gaisuwa. Ni ma ina barin Audacity, manhajar naɗar sauti ta kwamfuta, tana naɗe muryata a gefe. A farkon hira sai mu ƙirga tare mu tafa hannu sau ɗaya, domin wannan ƙarar ce za ta ba da damar jera fayilolin daidai idan aka koma gare su. In aka bukaci na baƙo, a ce ya turo shi ta WhatsApp a matsayin takarda (Document) ko ta Google Drive, saboda ya iso yadda aka naɗe shi ba tare da an sake matse shi ba.